KIFI NA GANINKA, MAI JAR KOMA

Maganarmu ta wannan mako a kan kifi ta ke, don ta shafi masunci da mai banda da uwargidan da ke neman na miya a kasuwar Birnin Gwari.

Kowa ya san yadda rashin zaman lafiya ya hana talaka shiga daji shekara da shekaru. A watan Nuwamba 2024 aka yi sulhu, har aka buɗe kasuwar kara. To, duk lokacin da hanya ta buɗe, masunta za su nufi gurabun Kogin Mariga da suka daɗe ba su ga taru ba, kuma za su sami kamu mai kyau. Haka aka gani a Turai bayan yaƙin 1939 zuwa 1945: jiragen su sun daina fita Tekun Arewa, da aka koma sai aka tarar kifi ya yi yawa, ya yi girma. Ba a daɗe ba haɗama ta cinye wannan riba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mutane da yawa sun ɗauka kifi wawa ne. Ko kusa! A 1970 wani masani a ƙasar Holan mai suna Beukema ya gwada fatsa a tafki. Ya ga kifin da ƙugiya ta taɓa kamawa aka sake shi yana wuyar sake kamuwa, har bayan shekara guda bai manta ba. Ban da wannan, mai zarin ci shi ke fara hadiye tana, shi ke fara zuwa kasuwa. Wanda ya rage a ruwa shi ne mai tsoro, mai laɓewa ƙarƙashin dutse da saiwar itace. Shi ya sa gurbin da a ke damu kullum, sai ka wuni da fatsa ka tashi da tarwaɗa biyu.

Nan ne ɓarna ta ke farawa. Da kamu ya ragu, sai masunci ya ƙanƙanta idon tarunsa. Wani ya ja gidan sauro ya kwashe 'ya'yan karfasa da ba su kai yatsa ba. Wani marar tsoron Allah ya zuba Gamalin a ruwan da mutane da shanu ke sha, alhali dokar su ta Tarayya ta 1992 ta hana kama kifi da guba. Wanda ya yi haka ya ci irin shuka, baɗi me zai girbe?

Maganin abin yana gida. A Argungu a kan hana su a Matan Fada sai ranar biki, Sarkin Ruwa ke tsaron wannan al'ada, shi ya sa a ke fid da giwan ruwan da sai ƙato ya ɗauka.

Don haka shawararmu uku ce. Ta fari, masunta da Sarkin Ruwansu su raba gurabe, daga Mariga har madatsar Bagoma, a riƙa hutar da su bi da bi. Ta biyu, a ɗaga wa kifi ƙafa a farkon damina, lokacin da ya ke zuba ƙwai. Ta uku, a tsai da girman idon taru, wanda ya saɓa a karɓe tarun.

Amma fa muna jan kunnen hukuma. Kada wannan ya zama ƙofar sabon haraji a kan mai ƙugiya ɗaya, a bar attajiri mai babban taru yana share ruwa don yana da uwa a gindin murhu. Doka ta hau kan kowa, kuma a zauna da masunta kafin a yanke ta, gama su suka san ruwan.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.