Kabarin Karen Da Ba A Taɓa Binnewa Ba

Yau na ɗan ajiye littafin da muke ciki, zan kai ku wani ƙauye a arewacin Wales ta ƙasar Birtaniya, sunansa Beddgelert. Mutanensa ba su kai 500 ba, gidajensu na dutse ne, ga tsohuwar gada a daidai inda kogunan Glaslyn da Colwyn suka haɗu.

Abin da ke kawo baƙi garin kabarin kare ne. Wai Sarki Llywelyn, wanda ya rasu a 1240, ya dawo daga farauta ya tarar da gadon jaririnsa a kife, bakin karensa Gelert jina-jina. Bai tsaya bincike ba ya zare takobi ya soke shi. Sai ga kukan yaro, yana nan lafiya lau, kusa da shi ga mushen kyarkecin da karen ya kashe. Wallahi ko ni da na shekara ashirin ina sa mata kuka da alƙalami, sai da jikina ya yi sanyi.

To amma fa babu kare a kabarin nan. Wani David Pritchard da ya zo garin wajen 1793, wanda ya riƙe masaukin baƙi na Goat, shi ya tara duwatsu ya ce ga makwancin Gelert, don ya samu masu kwana. A 1800 William Spencer ya mayar da labarin waƙa, shi ke nan magana ta zauna. Masana sun fi karkata ga cewa sunan garin na wani tsohon waliyyin Kirista ne. Shi kansa labarin ya daɗe a Indiya cikin Panchatantra, can tunku ne da maciji.

Ga abin da ya dame ni. Kafin ka isa kabarin za ka ga cocin St Mary, ragowar gidan masu ibada wanda aka rufe zamanin Sarki Henry na 8. Dogayen tagoginta guda 3 na bangon gabas tun ƙarni na 13 suke tsaye. Wannan shi ne tarihin gaske, amma sunan kare ake sayarwa a shaguna.

Wasu za su ce ai ƙaryar ce ta riƙe garin, musamman bayan an rufe ramin haƙar tagulla na Sygun a 1903. Ban musa ba, yunwa ba ta san tarihi ba. Sai dai mu marubuta kullum ana ce mana maƙaryata, alhali a bangon littafi muke rubuta cewa ƙagaggen labari ne, mai saye ya san abin da ya biya. Pritchard kuwa da dutse ya rubuta nasa, bai sa wannan gargaɗin ba, har yau iyaye na kai 'ya'yansu su tsaya jugum a gaban fili.

Mako mai zuwa in sha Allahu za mu koma babi na gaba.