An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Shekarar da muka tafi Umara da gwaggona, kwalbar man shanu ta ɗauko daga Zagga, ta naɗe ta da zane biyu ta sa a jakar hannu. A bakin na'urar bincike na wani filin jirgi aka karɓe ta. Aka sa tsohuwa ta cire takalmi, aka laluba ta, aka zazzage jakarta a gaban jama'a har carbinta ya faɗi ƙasa. Da ta ga raina ya ɓaci sai ta ce, "Ɗana, bar su, ai don lafiyarmu suke yi."

Abin da Gwaggo ta faɗa shi ne ra'ayin kusan kowa, malami da ɗan boko: in dai an tsananta laluben fasinja, to jirgi ya tsira. Ni ban yarda ba, kuma hujjata ta fara ne daga gida.

Ranar 25 ga Disamba, 2009, Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit ta Amurka. Daga Legas ya tashi. Ya wuce bincike a Legas, ya wuce na Amsterdam, da sinadarin ɗinke a kamfansa, babu na'urar da ta yi ƙara. Bam ɗin ne ya ƙi tashi yadda aka tsara, fasinjoji suka danne shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: tun cikin watan Nuwamba mahaifinsa, Alhaji Umaru Mutallab, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ce ɗansa ya shiga hannun masu tsattsauran ra'ayi. Duk mai ɗa ya san nauyin wannan tafiya. Uba ya haɗiye kunya ya kai ƙarar ɗan cikinsa, aka rubuta, aka ajiye, ba a ko soke bizar yaron ba. Bayan abin ya faru sai aka ruga sayen na'urorin da ke hango jikin mutum ta cikin tufafi.

Haka tarihin abin yake tun farko, kullum ihu bayan hari. Richard Reid ya shiga jirgi a Paris da bam a takalmi cikin Disamban 2001, ma'aikatan jirgi da fasinjoji ne suka kama shi, daga baya aka ɗora wa duniya cire takalmi. Amurka da kanta ta janye wannan doka a Yulin 2025. Dokar da ta ci man shanun Gwaggo, wadda ta hana shiga da abu mai ruwa fiye da mililita 100, ta samo asali ne daga makircin da aka bankaɗo a Ingila cikin Agustan 2006. Wa ya bankaɗo shi? 'Yan sanda da jami'an leƙen asiri da suka daɗe suna bin sawun mutanen. Ko filin jirgi ba su kai ba aka kama su.

In kuwa ana son a san ƙarfin na'urar kanta, an gwada. A 2015 masu binciken gwamnatin Amurka sun yi shigar fasinjoji, suka ɗauki makamai da bama-baman bogi suka bi layi. Sau 70 suka gwada, sau 67 suka wuce. Ƙasar da ta fi kowa zuba kuɗi a wannan harka ke nan.

Sai kuma ƙofar baya, wadda ba a son a yi maganarta. A Disamban 2018 aka kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya bisa zargin shigar da ƙwaya. Ta yi wata huɗu a tsare a ƙasar da hukuncin wannan laifi kisa ne, kafin a tabbatar cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin Malam Aminu Kano suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Ita an bincike ta, jakar mugunta kuwa ta bi ta hannun masu katin aiki a wuya. A Mogadishu, cikin Fabrairun 2016, bayan ɗan ƙunar baƙin wake ya wuce bincike ne aka miƙa masa kwamfutar da ke ɗauke da bam. A Kaduna, ranar 26 ga Maris, 2022, 'yan bindiga ba su sayi tikiti ba, ta daji suka ɓullo wa filin jirgin suka kashe mai gadi. Kwana biyu bayan haka aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Da ɗan gari kan ci gari, kuma wanda ya zo da bindiga ba ya bin layi.

Ba cewa nake a kwashe na'urori a zubar ba. Tun da aka fara binciken ƙarfe a shekarun 1970 satar jirgi ta ragu, kuma ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙi bayan 2001 ya yi amfani ƙwarai. Abin da nake ƙi shi ne yadda laluben da ido ke gani ya zama shi ne ma'aunin tsaro, har hukuma ta samu abin nunawa, jama'a su samu kwanciyar hankalin da ba shi da tushe.

Mu mutanen Bagudo mun fi kowa cancantar gane wannan. Duk wanda ya san Tsamiya da Lolo da Illo ya san cewa tsakaninmu da Benin akwai ƙofar hukuma, akwai kuma hanyoyin babur da na kwale-kwale da ba su ƙirguwa. An rufe iyaka a Agustan 2019, shinkafa ba ta daina shigowa ba, fetur bai daina fita ba, tsada kawai suka ƙara. A kan titi a tsayar da mai buhu biyu a kwance masa kaya, a daji kuwa ayarin babura ya wuce. Shi ne dai laluben filin jirgi, an sauya masa wuri.

'Yan bindigar nan da ake kira Lakurawa ba ta jirgin sama suka zo ba. Tun wajen 2018 mutanen Tangaza da Gudu a Sakkwato suke cewa ga baƙi da makamai a dazukansu, aka ce makiyaya ne. Sai a Nuwamban 2024 sojoji suka fito suka sanar da su a matsayin sabuwar barazana, a watan ne kuma suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Manomin Tangaza da Alhaji Mutallab abu ɗaya suka yi: sun san mutum, sun ga alama, sun kai magana inda ya kamata. Duka biyun ba a ɗauki maganar da nauyinta ba. Wannan shi ne ramin da nake so a cike.

Saboda haka in za a kashe kuɗi, a fara da tantance masu loda kaya da masu liƙa lamba a jaka, a riƙa sake tantance su, a biya su albashin da zai hana a saye su. A sa kyamara inda kaya ke bi, ba inda fasinja ke tsayawa kaɗai ba. A kewaye filayen jirgi da katanga ta gaske, da sintiri. Babban mutum da muƙarrabansa su bi layin da kowa ke bi. A nan bakin iyaka kuma a samar da wanda mai unguwa ko matuƙin kwale-kwale zai kai wa labari da dare, a ɓoye sunansa, a kuma zo kafin gari ya waye. A yau mutumin ƙauye da ya ga baƙin babura yakan yi shiru, don ya san in ya faɗa, labarin zai iya riga shi komawa gida.