Lamba ta sauka, ko hanta ta warke?

'Yan'uwa, da yawa a cikinku kun riƙe takardar gwajin jini mai rubutun ALAT da ASAT. A ganina ana ɗora wa waɗannan lambobi nauyin da ya fi ƙarfinsu.

ALAT da ASAT sinadarai ne masu aiki a cikin naman hanta. Idan naman ya kumbura ya lalace, sai su zube cikin jini, kamar yadda gero ke zuba idan buhu ya yage. A jikin mai lafiya, ALAT ba ta cika wuce 40 ba. In ta hau, hanta tana jin rauni a wannan lokacin ke nan.

A ciwon hanta nau'in B, yawancin raunin yana zuwa ne daga garkuwar jikinka, wadda ke yaƙi da ƙwayar cutar da ta ɓuya cikin hanta. Yaƙin yakan tashi, ya kwanta, ya sake tashi, shekara da shekaru, kuma kowane tashi yana barin tabo. Tabo kan tabo, har hanta ta taurare. Duk wannan yana faruwa kana noma, kana cin tuwonka lafiya. Kafin ido ya yi shawara ko ciki ya tara ruwa, an riga an yi nisa.

Shi ya sa ban yarda da mai jiƙo da ke cewa maganinsa ya sauke maka lamba ba. Lambar takan sauka da kanta idan yaƙin ya lafa, alhali ƙwayar cutar tana nan. Hantar da ta riga ta taurare ma takan ba da lamba mai kyau. Wasu jiƙe-jiƙen kuwa, su da kansu suna yi wa hanta lahani.

In an sami nau'in B a jininka, ka dawo gwaji duk wata 6, ko ba ka jin komai. Ba kowa ne ke bukatar magani ba, amma wanda likita ya ɗora a kan tenofobir, ƙwaya 1 kullum, kada ya daina don ya ga lamba ta yi kyau. Dainawa na iya ta da kumburi mai tsanani. Ka rabu da burukutu da arki. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, a zubar, kada a ce asara ce.

Ke kuma mai juna biyu, ki nemi gwajin nau'in B a wajen awon ciki, ki kuma tambayi ungozoma tun yanzu game da allurar rigakafin da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa.