Fanken Mutum Ɗaya

Yau kan abinci zan yi magana, kuma na san akwai waɗanda za su ce wane ya rasa abin faɗa. To, a yi haƙuri a saurare ni, musamman 'yan uwana maza da neman abinci ya kawo mu kudu muka baro iyali a gida.

Shekarata shida ke nan a Legas, iyalina suna Katsina, daga salla sai salla nake ganinsu. A shekaru ukun farko ban ɗora komai a wuta ba in ban da ruwan shayi. Da safe burodi, da rana abin da aka samu kusa da wurin aiki, da dare kuwa teburin mai shayi, indomi da ƙwai, wani lokaci ma a tsaye. Ba wai hannuna bai iya ba ne. Abin da ya hana ni shi ne ban san awon mutum ɗaya ba. A gidanmu da mudu ake auna hatsi, a kwashe tuwo malmala goma sha, a fitar da kwanon maƙwabta, a ajiye na almajiri, a rage na ɗumame. Ranar da na gwada dafa shinkafa a ɗakina sai ga abin da zai ƙosar da mutum biyar. Aka ɗauke wuta, firji ya huce, washegari na zubar da ita ina jin kamar na aikata laifi. Daga nan na kife tukunya.

Wata abokiyar aikinmu 'yar Kalaba, wadda ta yi karatu a Amurka, ita ta ba ni labarin wani fanke da ake gasawa a obin maimakon a soya shi a mai. Da na ji kalmar sai na yi dariya, domin mu fanken da muka sani shi ne na bakin tasha, mai yis, wanda ake tsomawa cikin tafasasshen mai. Sunan ma aro muka yi daga Turanci, amma abin da muke kira da shi ya kama hanyarsa daban. Nata kuwa Amurkawa suna ce masa Dutch baby. Asalinsa fanken Jamusawa ne, kuma sunan ya fito ne daga wani gidan abinci na iyalin Manca a birnin Siyatil, a farkon ƙarni na 20. Faransawa ma suna da ɗan uwansa, kilafuti, wanda mutanen yankin Limuzan ke yi da 'ya'yan ceri.

Abin da ya ja hankalina shi ne awonsa. Ƙwai ɗaya, fulawa kwatan kofi, madara kwatan kofi, sukari cokali ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. A kaɗa su har kwaɓin ya yi ruwa-ruwa, ya fi ƙullun masa tsinkewa. Babu yis, babu hodar tashi. Sai a kunna obin ya kai wajen digiri 220, a ɗauko ƙaramin kaskon ƙarfe wanda ba shi da mariƙin roba, a narka bota cokali guda, a yanka rabin tuffa siriri-siriri a soya a ciki minti uku ko huɗu da ɗan kirfa. Kaskon na ƙuna za a juye kwaɓin a kai, a tura obin, a rufe. Minti 12 zuwa 15 ya isa.

Zafin nan shi ne duk sirrin. Ruwan da ke cikin madara da ƙwai ne ke zama tururi nan take, ya hura kwaɓin, ƙwan kuma ya daskare ya riƙe shi, sai ka ga gefensa ya miƙe sama kamar bakin ƙwarya, tsakiyar ta zauna da laushi. Karon farko zumuɗi ya sa na buɗe obin a minti na shida don in leƙa, zafi ya fice, abin ya kwanta shame-shame. Karo na biyu na sa abarba ɗanya, ruwanta ya jiƙe komai. Yanzu na gane: ayaba ba ta da rigima, mangwaro mai tauri yana yi, abarba kuwa sai an soya ta ruwan ya ƙone. Tuffa ta fi dacewa, sai dai tsada, tunda yawancinta daga waje ake shigo da ita.

To, ga inda maganar take. Wata Asabar wani abokina da ke zaune a Agege ya same ni ina fitar da kaskon daga obin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, abin har ya kai haka? Ka ƙara aure mana ka huta da wannan daudanci." Na san wasa yake yi, amma wasan da ke ɗauke da abin da yawancinmu muka yarda da shi.

Ni dai abin da na kasa ganewa ke nan. Wa ke gasa tsire a kowace kusurwa ta Legas? Wa ke soya ƙwai a teburin shayi har ƙarfe ɗayan dare? Mazanmu ne, kuma babu mai ce musu komai, sana'a ce. Wato namiji ya tsaya gaban wuta ya ciyar da baƙin da bai sani ba don kuɗi, mutunci ne. Ya kunna risho ya ciyar da kansa, abin gori. Da wannan tunanin muke shekara goma a kudu muna cin abinci kamar masu jiran mota, muna tura kuɗin cefane gida kowane wata, mu kuwa sai mu koma da olsa.

Akwai magana ta biyu da ya yi wadda ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Ya ce abincin da aka auna don ciki ɗaya abincin marowaci ne, in baƙo ya yi sallama fa? Lallai mu mun taso ne a kan cewa tukunya tana da rabon wanda ba a sa ran zuwansa ba, kuma ba na so in rabu da wannan tarbiyya. Fanken nan kuwa, gaskiya, ba ya jiran kowa. Minti biyu da fitowarsa daga wuta ya fara saɓewa, ba a aika shi maƙwabta a kwano, ba a ɗumamensa. Kuma ko ya kai zuma daɗi, ba zai zama tuwon da nake ci da yarana sun kewaye tire suna rigima kan tsoka ba.

Amma ni a Legas ba a ba ni zaɓi tsakanin ci da iyali da ci ni kaɗai ba. Ni kaɗai ɗin nake. Abin da ya rage shi ne ko in ci a tsaye a bakin titi hayaƙin danfo na dukan fuskata, ko in zauna a kan tabarmata da abin da hannuna ya yi. Tun da na iya awon ƙwai ɗaya sai tsoron tukunya ya sake ni. Yanzu na san shinkafa rabin gwangwanin madara ta ishe ni, na san miyar kwana biyu.

Batun baƙo kuma, a ranar na ba shi amsa ba da baki ba. Na tura masa kaskon gabansa, na fasa wani ƙwan, na yanka ragowar rabin tuffar. Kafin nawa ya fito ya cinye nasa, yana ƙorafin sukari bai ji ba.