Komai Ƙanƙantar Allura, Ƙarfe Ce

Kwanan baya wani abokin aikina ya tarar da ni a ofis ina haɗa waya a jikin wata ƴar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba. Ya dube ta, ya yi dariya, ya ce: "Malam, wannan ai kayan wasan yara ne. Ina ruwan ɗalibin Hausa da ita?" Na sha jin wannan magana daga bakin masu ilimi, kuma lokaci ya yi da za a ba ta amsa, domin ɗalibanmu ne suke biyan bashin wannan raini.

Sunan na'urar Raspberry Pi. Wata gidauniya ce ta birnin Kambirij a Ingila, wadda Eben Upton yake cikin waɗanda suka kafa ta, ta fitar da ita a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35. Allo ne guda ɗaya mai ɗauke da duk kayan cikin kwamfuta, yana aiki da wuta bolt 5 irin ta cajin wayar hannu, kuma manhajarsa tana zaune a kan ƙaramin katin ajiya. Don koyarwa aka ƙera ta tun asali. Kalmar Pi da ke cikin sunanta ma ishara ce ga Python, harshen umartar kwamfuta da Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991.

Umarnin da aka rubuta da Python ba ya gudana shi kaɗai. Sai an sami wata manhaja mai tafinta, wadda take karanta umarnin tana mayar da shi abin da na'ura take ganewa. Wannan tafintan yana zuwa a shirye cikin Raspberry Pi OS, tsarin da aka gina a kan Debian. Da zarar ɗalibi ya kunna, ya rubuta python3, aiki ya fara, ko akwai intanet ko babu.

To, ina ruwan ɗalibin Hausa? Ga amsa. Ku ba Python jerin kalmomi, ku ce ya tsara su bi da bi. Za ku ga ya jefa ƙasa, ƴaƴa, ɓarawo da ɗaki can bayan zomo. Dalili shi ne yana bin lambar da tsarin Unicode ya ba kowane harafi, kuma lambobin ƙ, ƴ, ɓ da ɗ sun fi na z girma. Bai san cewa ɓ maƙwabciyar b ce ba. Bai san cewa sh da ts sauti ɗaya-ɗaya ne ba. Bai san cewa abin da ake rubutawa da ƴ a Nijar shi ne ake rubutawa da 'y a Najeriya ba, don haka zai ƙirga su kalmomi biyu. Injiniyan da bai taɓa rarrabe kasa da ƙasa ba, ba zai ma lura akwai matsala ba. Wanda ya karanta ƙa'idojin rubutun Hausa shi ne zai gani, kuma gyaran bai wuce layuka kaɗan ba: a rubuta jerin haruffan Hausa yadda suke, a umarci Python ya bi shi. Ɗalibin da ya iya wannan zai iya ƙirga kalmomin littafi guda, ya ware jam'i daga tilo, ya fara haɗa ƙamus na karin harshen garinsu.

Ba zan ɓoye aibin na'urar ba. Ba ta da saurin babbar kwamfuta. Samfurin farko ma ƙwaƙwalwarsa megabait 256 ce kacal. Injinta na gidan ARM ne, saboda haka manhajar da aka shirya wa kwamfutar ofis ba lallai ta gudana a kanta ba, ko da yake rumbun piwheels yana tanadar da ɗimbin kayan Python da aka riga aka daidaita mata. Ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata abin da ke kan katin. Kuma dala 35 ɗin nan ba ta haɗa da allon kallo da na bugawa ba. Amma kowanne yana da magani. Aikin rubutu ba ya cin ƙarfin na'ura kamar aikin bidiyo. Batirin ajiyar caji da ake sayarwa a kasuwannin Damagaram da Maraɗi yana iya riƙe ta. Talbijin mai kafar HDMI ya isa allon kallo. Katin kuwa a riƙa kwafe abin da ke cikinsa.

Abin da na ƙi yarda da shi shi ne hujjar jira: a jira gwamnati ta gina ɗakin kwamfuta, a jira wani kamfani na waje ya tuna da Hausa. Mun daɗe muna jira, har yanzu muna ganin sanarwa da takardun hukuma da aka rubuta ba lanƙwasa ko ɗaya, mai karatu yana ta kintace ko bari ake nufi ko ɓari. Wanda ya ce ɗalibin harshe ya tsaya ga nahawu da adabi ya bar na'ura ga ma'abotanta, ya manta cewa a yau cikin na'urar ake rubuta harshen, a cikinta ake adana shi.

Saboda haka, ɗalibai, ku haɗu mutum huɗu ko biyar ku sami guda ɗaya. Ku zaɓi shafi goma na rubutun Hausa, ku buga su da lanƙwasarsu cif, ku sa Python ya jera kalmomin daidai da haruffanmu. Ranar da ɓarawo ya koma kusa da barkono, ku kawo mini in gani, ni kuma in kai wa abokin aikina.