Idan Muka Kama Ɗan Sojan Gona

'Yan'uwa cikin Almasihu, duk mai bin hanyar Kazaure zuwa Babura, can bakin iyakar Nijar, ya san yadda kaki ke tsayar da mota. Amma ba kowane mai kaki ne ma'aikaci ba. Akwai 'yan sojan gona da ke sa rigar kwastan ko ta ɗan sanda, su tare manomi da buhun geronsa ran kasuwa. Wani ma rigar 'yan Birged yakan ara ya shigo sujada, idonsa na kan baiko.

Ra'ayinmu shi ne mu yi tambaya, kada mu ɗaga hannu. Ma'aikacin gaskiya ba ya fushi don an nemi katin shaidarsa. In ya shiga kame-kame, a kira dattawan ikkilisiya da mai unguwa, a miƙa shi ga 'yan sanda, gama sojan gona laifi ne a dokar ƙasa.

Mu da muke 'yan tsiraru a Roni da Gwiwa mun san dukan mutum ɗaya yana iya zama rikicin gari guda. Shi kansa mazambacin rai ne wanda Yesu ya mutu dominsa. Ubangiji ya ba mu hikima, amin.