A Koya Wa Yaranmu Zama Kafin Kiɗa

'Yan'uwa, yau da wuya ka shiga majami'a a birni ko a ƙauye ba ka tarar da jita a hannun matasa ba. Ikilisiyoyi da yawa sun yi baiko na musamman, sun sayi jitar lantarki da jitar bes da lasifika, kuma muna farin ciki da wannan. Amma akwai wani abu da muka yi sakaci da shi. Mun san kuɗin jita, muna kulle ta a ofishin fasto don kada ta lalace, amma jikin yaron da yake kaɗa ta ba wanda ya damu da shi.

Mu dubi abin da yake faruwa a ranar koyon waƙa. Yaro yana zaune a bakin benci, ya lanƙwashe bayansa kamar baka, ya kwantar da jitar a cinya tana kallon sama domin ya ga yatsunsa, wuyansa kuma a sunkuye har awa biyu. Wani yana tsaye, ya saki maratayi har jitar ta sauka kusa da gwiwa, don haka ya ga mawaƙan Amurka suna yi a talabijin. Bayan shekara biyu ko uku sai mu ji ana cewa wane ya daina kiɗa, hannunsa yana ciwo. Wasu ma sukan zarge shi da sanyin zuciya, alhali yatsunsa ne suke sagewa da dare.

Ra'ayinmu shi ne, darasin farko na jita shi ne zama. Dalili kuwa a fili yake. Jijiyoyin da suke motsa yatsu suna bi ta wata matsatsiyar hanya a wuyan hannu. Idan jita ta yi ƙasa da yawa, dole makaɗi ya karya wuyan hannunsa kafin yatsu su kai ga tsirkiya, sai hanyar nan ta ƙara matsewa, kuma a haka ake so yatsu su yi gudu. Jitar bes kuma takan kai kilo 4, ko ta fi. Idan siririn maratayi ne ya ɗauki wannan nauyi a kafaɗa ɗaya tun daga farkon sujada har ƙarshe, to, kafaɗa da wuya ne za su biya bashin.

Gwanayen jita sun daɗe suna fama da wannan batu. Dionisio Aguado, mutumin ƙasar Sifen wanda ya rasu a 1849, har wani abu mai ƙafa uku ya ƙera domin ya riƙe masa jita, hannuwansa su sami sakewa. Andrés Segovia, shi ma ɗan Sifen, a zaune yake kiɗa, ƙafar hagu a kan ɗan mataki, wuyan jitar yana duban sama. Ya ci gaba da kiɗa a gaban jama'a har ya wuce shekara 90, ya rasu a 1987. Idan irin waɗannan mutane ba su raina zama ba, ina dalilin da zai sa mu raina shi?

Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne. A sami kujera marar hannu, wadda tafin ƙafa zai taka ƙasa sosai. Kujerar roba mai hannuwa tana tokare gwiwar hannu. A zauna wajen gaban kujerar, baya a miƙe, kafaɗu a sake. Ƙugun jita ya zauna a cinya, bayanta ya jingina da jiki, wuyanta ya ɗan ɗaga sama. Ga gwaji mai sauƙi: makaɗi ya cire hannun da yake danna tsirkiya. Idan wuyan jitar ya faɗi, ashe hannun ne yake ɗauke da ita, ga shi kuma aikinsa kiɗa ne. Babban yatsa ya zauna a bayan wuyan jita ba tare da matsawa ba. Mai tsayuwa ya nemi maratayi mai faɗi, ya gyara tsawonsa yana zaune, yadda in ya miƙe jitar za ta tsaya inda take.

A duba jitar kanta ma. Da damina katako yakan sha laima ya kumbura, tsirkiya ta yi nisa da wuyan jita, sai yaro ya riƙa dannawa da dukan ƙarfinsa. A kai wa mai gyara ya daidaita ta. Ƙaramin yaro kuma a nema masa ƙaramar jita, ko mai tsirkiyar roba.

Mun san wasu za su ce, ai wane bai taɓa koyon zama ba, ga shi gwani. Gaskiya ne, jiki ya bambanta, kuma ba mu ce kowa ya zauna kamar Segovia ba. Amma gwanin da muke gani shi ne wanda jikinsa ya jure. Waɗanda suka ajiye jita saboda ciwo suna zaune shiru a bayan majami'a. Wasu kuma za su ce hidima sai da haƙuri. A nan sai mu bambanta ciwo biyu. Zafin kan yatsu na sabon shiga yakan wuce idan fata ta yi kanta. Amma ciwon wuyan hannu, da na kafaɗa, da sagewar yatsu, gargaɗi ne. Wanda ya ji su ya huta, in sun ƙi tafiya ya ga likita.

Saboda haka muna roƙon shugabannin mawaƙa da dattawan ikilisiya. Ku ware makon farko na kowane sabon ɗalibi don zama da riƙon jita. Ku ba makaɗa hutu a tsakiyar koyon waƙa su miƙe su motsa jiki. A taron da za a kwana, ku sa su riƙa karɓar juna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya fara da zama mai kyau yana ɗan shekara 12 zai iya kaɗa wa jikokinmu. Ubangiji ya ba mu hikimar kula da su. Amin.